Vivian Maier: Mai rainon yara da ta ɗauki hotunan titi sama da 150,000 ta ɓoye

A shekarar 2007 wani kamfanin ba da hayar ɗakunan ajiya a birnin Chicago na Amurka ya yi gwanjon kayan wata tsohuwa saboda ta daina biyan kuɗin haya. Kayan sun haɗa da tsofaffin jaridu da tufafi da huluna da rasiɗai da wasiƙu, sai kuma kwalaye cike da fina-finan hoto.

Sunan tsohuwar Vivian Maier. Tana raye a lokacin, tana zaune ita kaɗai a wani ƙaramin gida a arewacin birnin. Ta shafe kusan shekara 40 tana rainon 'ya'yan masu hali, kuma iyalan da ta yi wa aiki sun saba ganin ta da kyamara rataye a wuya, amma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa ganin abin da take ɗauka.

A yau ana lissafa ta cikin fitattun masu ɗaukar hoton titi na ƙarni na 20. An ƙiyasta cewa ta ɗauki hotuna sama da 150,000, kuma dubbai daga cikinsu ita kanta ba ta taɓa ganin su ba, domin ta mutu ba a wanke fim ɗinsu ba.

Wace ce Vivian Maier?

An haifi Vivian Dorothy Maier ranar 1 ga watan Fabrairun 1926 a birnin New York. Mahaifiyarta Maria Jaussaud Bafaranshiya ce daga wani kwari da ake kira Champsaur a tsaunukan Alps. Mahaifinta Charles Maier kuwa zuriyar baƙi ne da suka yi ƙaura zuwa Amurka daga tsohuwar daular Ostiriya da Hungari.

Auren iyayenta bai yi ƙarko ba. Tun tana ƙarama mahaifin ya bar gidan, kuma yayanta namiji, wanda ya girme ta da shekara shida, ya taso a hannun dangi da gidajen horon yara.

Ƙidayar jama'ar Amurka ta 1930 ta nuna Vivian da mahaifiyarta suna zaune a gidan wata mata mai suna Jeanne Bertrand, wadda ƙwararriyar mai ɗaukar hoto ce. Vivian tana da shekara huɗu a lokacin.

Daga baya mahaifiyar ta koma da ita ƙauyensu a Faransa, inda ta yi shekarun ƙuruciyarta tsakanin manoma da makiyaya. Sun dawo New York a 1938, shekara guda kafin ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan zama na Faransa ya bar mata wani karin harshe da ya sa mutane da dama a Chicago suka riƙa ɗaukar ta Bafaranshiya, ita kuma ba ta cika gyara musu ba.

Kakarta ta wajen uwa ta yi aikin girki a gidajen attajiran New York, mahaifiyarta ma ta yi aikatau. Ita Vivian ta fara aiki a wata masana'antar 'yar tsana kafin ta koma raino.

Gadon gona da kyamarar farko

A 1950 ta koma Champsaur domin karɓar gadon wata gona da 'yar'uwar kakarta ta bar mata. Ta sayar da gonar a gwanjo, kuma kuɗin da ta samu ya ba ta 'yancin da 'yan aikin gida ba su cika samu ba a wancan zamani.

A wannan tafiya ce ta fara ɗaukar hoto gadan-gadan. Tana amfani da Kodak Brownie, wata kyamara mai siffar akwati da aka ƙera don 'yan koyo, wadda ba ta da abin saita nisa ko saurin ɗauka. Da ita ta ɗauki tsaunuka da dabbobi da tsofaffin ƙauye da yara 'yan makaranta.

Ta dawo New York a 1951 ta ci gaba da raino. A 1952 ta sayi Rolleiflex, kyamarar Jamus mai tsada wadda ƙwararru ke amfani da ita, kuma da ita ta ɗauki mafi yawan hotunan da suka yi mata suna.

Yadda kyamarar take aiki ya taimaka mata matuƙa. Rolleiflex tana da idanu biyu, ɗaya a saman ɗaya. Ana riƙe ta ne a daidai ƙirji ko ciki, mai ɗauka ya sunkuyar da kai ya duba wani gilashi a samanta. Na sama shi ke nuna masa abin da ke gabansa, na ƙasa kuma shi ke ɗaukar hoton.

Saboda haka mai wucewa ba ya ganin an ɗaga kyamara an auna fuskarsa. Abin da yake gani shi ne wata doguwar mace sanye da hula da babbar riga, ta sunkuya tana duba wani abu a hannunta. Ƙarar ɗaukar ma ba ta da ƙarfi. Sannan da yake hoton daga ƙasa yake fitowa, ɗan dako ko mai shara yakan fito da kwarjini kamar wani basarake.

Fim ɗaya na wannan kyamara hoto 12 kacal yake ɗauka, kowanne mai kusurwa huɗu daidai wa daida. Masu nazarin fina-finanta sun lura cewa sau da yawa hoto ɗaya take yi wa abu ta wuce, ba ta maimaitawa. Kuɗin fim daga albashin raino yake fita, don haka sai ta tabbatar kafin ta latsa.

Shekara 16 a gida ɗaya

A 1956 ta koma yankin Chicago, ta kama aiki a garin Highland Park a gidan wani iyali mai 'ya'ya maza uku. Ta zauna da su har 1972, kuma wannan ne wuri mafi daɗewa da ta taɓa zama a rayuwarta.

An ba ta ɗaki da banɗakinta, sai ta mayar da banɗakin ɗakin wanke hoto. Takan kulle ƙofar, ba mai shiga.

Aikin raino ya dace da sha'awarta. Ba ta biyan haya, ba ta sayen abinci, kuma yawo da yara yana cikin aikin. Takan hau jirgin ƙasa da su zuwa tsakiyar birni, ta bi da su unguwannin talakawa da kasuwanni da lungunan da iyayensu ba su taɓa takawa ba. A ranakun hutunta kuma takan fita ita kaɗai.

Abin da ta ɗauka shi ne abin da kowa ke wucewa ta gabansa kullum: yaro na kuka yana jan rigar uwarsa, tsoho na gyangyaɗi a shagon sayar da jarida, matan attajirai cikin rigunan gashi suna harara, ɗan maye da 'yan sanda ke ja, ma'aikata na cin abincin rana a bakin titi, tsofaffin ma'aurata riƙe da hannun juna. Ta ɗauki baƙaƙen fata da farare a zamanin da unguwannin Chicago suke a rabe bisa launin fata.

Ta je kasuwar titin Maxwell, inda talakawa da baƙi ke sayar da kayan gwanjo. Ta je babbar mahautar Chicago, wadda ta taɓa zama cibiyar cinikin nama ta Amurka. A 1968, bayan tarzomar da ta biyo bayan kisan Martin Luther King, ta shiga unguwannin da aka ƙona ta ɗauki abin da ya rage.

Wani lokaci takan kutsa cikin 'yan jarida ta ɗauki taurari, kamar yadda ta yi wa Kirk Douglas a 1960. Ta kuma ɗauki kanta sau ɗaruruwa, a madubi da gilashin kanti da murfin tayar mota, wani lokaci inuwarta kawai a ƙasa. Da wuya a ga tana murmushi a waɗannan hotuna.

A 1959 ta ɗauki hutun kimanin wata shida ta zaga duniya ita kaɗai. Ta je Filifins da Tailan da Indiya da Yaman da Masar da Italiya, ta ƙare a Faransa. Mace 'yar aikin gida ta yi irin wannan tafiya ba tare da rakiya ba abu ne da ba a saba gani ba a lokacin.

Halinta

Waɗanda suka zauna da ita sun bayyana ta a matsayin mace mai tsananin sirri. Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, kuma ta yanke hulɗa da danginta na kusa. A shagunan wanke hoto da na ajiya takan ba da sunan ƙarya ko ta sauya yadda ake rubuta nata.

Tana son siyasa da fina-finai, tana da ra'ayi mai ƙarfi kan 'yancin mata da halin talakawa, kuma ba ta jin nauyin faɗa wa mutum abin da ke ranta. Takan yawo da rikoda tana yi wa mutane tambayoyi a kanti, musamman lokacin badaƙalar Watergate da ta kai ga murabus ɗin Shugaba Richard Nixon a 1974. Ta kuma ɗauki gajerun fina-finai masu motsi.

Yaran da ta raina ba su yi mata shaida iri ɗaya ba. 'Yan'uwan nan uku na Highland Park sun riƙe ta tamkar uwa ta biyu, wadda ta koya musu tsinkar 'ya'yan itace a daji da kallon duniya da idon basira. Wasu da ta raina daga baya sun ce ta yi musu mugunta, har da duka da ɗura abinci da ƙarfi. Dukkan shaidun biyu suna cikin tarihinta.

Bayan 1972 ta riƙa sauya gidaje, har ta yi wani ɗan lokaci a gidan Phil Donahue, shahararren mai gabatar da shiri a talabijin. Ta rasa ɗakin wanke hoto nata na kanta. Ta koma ɗaukar hoto mai kala da ƙananan kyamarori irin su Leica, kuma hankalinta ya karkata ga kanun jaridu da rubutun bango da abubuwan da aka zubar a bola.

Fina-finan da ba a wanke ba suka fara taruwa. Haka ma jaridu, waɗanda take tarawa har su kusa taɓa rufin ɗaki. A wani gida da ta kama aiki a 1987 ta iso da kwalaye kimanin 200. Wannan tara kaya ya jawo mata rasa aiki, kuma shi ya tilasta mata kama hayar ɗakunan ajiya.

Ƙarshen rayuwa

Da tsufa ya zo, aiki ya ƙare, talauci ya kama ta. 'Yan'uwan uku da ta raina a Highland Park ne suka nemo ta suka kama mata gida, suna biyan haya. A unguwar Rogers Park maƙwabta sun san ta da zama a kan wani benci kusa da tafkin Michigan.

A watan Nuwamban 2008 ta zame a kan ƙanƙara ta bugu a kai. Ba ta warke ba. Ta mutu ranar 21 ga watan Afrilun 2009 a wani gidan kula da tsofaffi, tana da shekara 83. An ƙona gawarta kamar yadda wasu ke yi a can, kuma yaran da ta raina suka watsa tokar a dajin da ta saba kai su.

Su ne kuma suka sa sanarwar mutuwarta a jaridar Chicago Tribune. Wannan 'yar gajeriyar sanarwa ce ta zama zaren da aka bi aka gano ta.

Yadda aka gano hotunan

Wani dillalin kayan gwanjo ne ya sayi abin da ke cikin ɗakunan ajiyarta a 2007 a kan kimanin dala 250, ya rarraba kayan ya sake sayarwa. Mutum uku ne suka kwashi mafi yawa: John Maloof da Ron Slattery da Randy Prow.

Maloof matashi ne ɗan shekara 26, dillalin gidaje, yana neman tsofaffin hotuna don wani littafi kan tarihin unguwarsu ta Portage Park. Ya biya kusan dala 400 ya sayi kwali mai ɗauke da fina-finan hotuna kimanin 30,000. Bai samu abin da yake nema ba, sai ya ajiye kwalin.

Slattery ya sa wasu hotunan a intanet a 2008, amma ba su ja hankali ba. Vivian tana raye a lokacin.

A watan Afrilun 2009 Maloof ya ga sunanta a jikin wata ambulan, ya bincika a Google, sai ga sanarwar mutuwarta da aka buga kwanaki kaɗan da suka wuce. A watan Oktoba na shekarar ya sa hotunan a wani zauren masu hoton titi a shafin Flickr yana neman shawara. Cikin ɗan lokaci ɗaruruwan mutane suka amsa, labari ya bazu.

Ya bi sauran masu saye yana saye daga hannunsu, har ya tara kusan kashi 90 cikin 100 na aikinta: fina-finan hotuna tsakanin 100,000 zuwa 150,000, da hotuna sama da 3,000 da aka riga aka buga, da ɗaruruwan fina-finai da ba a wanke ba. Wani mai tara kayan fasaha, Jeffrey Goldstein, ya sayi kason Prow mai fina-finan hotuna kimanin 17,500.

An fara baje kolin hotunan a Denmak da Norwe a 2010. A watan Janairun 2011 Cibiyar Al'adu ta Chicago ta yi nata, jama'a suka yi cincirindo. Littafin farko ya fito a shekarar. A 2013 aka fitar da fim ɗin Finding Vivian Maier, wanda Maloof da Charlie Siskel suka shirya, kuma ya shiga jerin masu takarar kyautar Oscar a 2015. BBC ma ta yi nata fim ɗin a 2013. A 2021 gidan tarihi na Luxembourg da ke Paris ya yi mata gagarumin baje koli.

Hoton da ta ɗauka da fim ɗin da ta saya da albashin raino ya koma ana sayar da kwafinsa ɗaya a kan dubban daloli.

Rikicin gado

Da kuɗi suka shigo, sai shari'a ta biyo baya. A dokar Amurka, wanda ya sayi fim ɗin hoto ya mallaki fim ɗin ne kawai. Haƙƙin bugawa da sayarwa yana nan a hannun mai ɗauka, idan ya mutu ya koma ga magadansa har tsawon shekara 70.

Vivian ba ta bar wasiyya ba, kuma ba ta da ɗa ko miji. Maloof ya sa masu binciken nasaba suka gano wani ɗan'uwanta na nesa a Faransa, ya biya shi dala 5,000 don samun haƙƙin. A 2014 wani lauya mai suna David Deal ya fito da wani ɗan'uwan daban, shi ma a Faransa, ya kai magana kotu. Hukumar ƙaramar gundumar Cook, wadda Chicago ke cikinta, ta karɓi kula da gadon.

Daga baya bincike ya nuna cewa yayanta ya mutu tun 1977 a jihar New Jersey. Goldstein ya sayar da fina-finansa ga wani gidan baje koli a Toronto ta Kanada a ƙarshen 2014. A 2016 Maloof da hukumar suka sasanta, kotu ta rufe sharuɗɗan yarjejeniyar. Maloof ya kuma bai wa ɗakin karatu na Jami'ar Chicago kyautar dubban hotuna don masu bincike.

Bayan batun kuɗi akwai muhawarar da ta fi shi nauyi. Mace ce da ta kulle ƙofarta, ta ɓoye sunanta, ta hana a taɓa kayanta. Yanzu ga wasiƙunta da rasiɗanta da muryarta a gaban duniya. Mafi yawan hotunan da ake nunawa wasu ne suka zaɓa suka buga, ba ita ba, alhali zaɓen wane hoto za a nuna da wanda za a bari wani babban ɓangare ne na aikin mai hoto.

Masu goyon bayan nunawa suna kafa hujja da wata wasiƙa da ta taɓa rubuta wa wani mai shagon hoto a Champsaur, inda ta nuna ta san aikinta yana da kyau kuma ta nemi su yi hulɗar buga hotuna. Masu suka kuwa, irin su Pamela Bannos ta Jami'ar Northwestern wadda ta wallafa tarihinta a 2017, suna ganin masu mallakar kayan ne suka tsara labarinta yadda ya dace da kasuwarsu. Wata marubuciyar, Ann Marks, ta fitar da nata littafin a 2021, inda ta danganta ɓoye-ɓoyen da tara kayan da raunin da ta ɗauko daga gidan iyayenta.

Mutum ɗaya ne zai iya raba wannan gardama, kuma ba ta bar ko layi ɗaya da ke cewa ga abin da za a yi da kwalayenta ba.

Me ya sa hotunan suka yi daraja?

Dalili na farko ƙwarewarta ce wajen haske da tsari da sanin daidai lokacin latsawa, abin da ya sa ake kwatanta ta da ƙwararru irin su Helen Levitt da Robert Frank da Diane Arbus.

Dalili na biyu shi ne abin da ta ɗauka ya ɓace. An rufe babbar mahautar Chicago a 1971. An tashi tsohuwar kasuwar titin Maxwell a 1994 don faɗaɗa jami'a. Gine-gine da shaguna da sana'o'i da yawa da ke cikin hotunanta babu su yanzu. A lokacin da take ɗauka ba wanda ya ɗauke su abin adanawa, domin kullum ana ganin su.

Mazaunin kudancin Kaduna ya san irin wannan ɓacewa. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, shekara guda bayan Vivian ta sauka Chicago. UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, sai kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975. Dubban ma'aikata kan fito a ƙafa da kan kekuna idan an tashi daga aiki, masu abinci da masu shayi suna jiran su a bakin ƙofa, kuma Kakuri da Makera da Nasarawa sun rayu a kan wannan albashi. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakata a 2007.

Rikice-rikicen 2000 da 2002 sun sauya waɗanda ke zaune a unguwanni da dama a ɓangarorin kogin biyu. Shirin sabunta birni da gwamnatin jihar ta ƙaddamar a 2019 ya sauya fasalin tituna da kasuwanni. Yaron da aka haifa a Barnawa ko Narayi ko Sabon Tasha bayan waɗannan abubuwa labari kawai yake ji, alhali gani ya kori ji.

Hotunan gwamnoni suna yanke zare da na biki da suna suna nan da yawa. Hoton mai faci a bakin aikinsa, ko mai kosai da asuba, ko 'yan Keke Napep a tashar Television, sai mai sha'awa irin Vivian ne yake tsayawa ya ɗauka.

Abin da mai waya zai ɗauka daga tarihinta

Wayar da ake karanta wannan rubutu da ita tana iya ɗaukar hotuna dubbai ba tare da sayen fim ba. Sai dai haɗarin da ya kusa cinye aikin Vivian yana nan da wata fuskar. Nata ya kusa salwanta saboda kuɗin hayar sito. Na yau yakan tafi ne idan an sace waya, ko katin ajiya ya lalace, ko mai ita ya mutu ba wanda ya san lambar buɗewa.

Saboda haka mai wannan sha'awa ya ajiye hotunansa a wuri fiye da ɗaya, ya buga waɗanda ya fi so a takarda, ya rubuta rana da wuri a kan kowanne. Masu binciken aikin Vivian sun sha wahalar gano inda aka ɗauki hotuna da yawa, sai da suka riƙa bin allunan shaguna da kanun jaridun da suka fito a ciki. A Kaduna akwai Gidan Arewa da reshen ma'adanar tarihi ta ƙasa, waɗanda aikinsu ne adana irin waɗannan shaidu.

Akwai kuma abin da bai kamata a kwaikwaya ba. Vivian ta ɗauki mutane da yawa ba da saninsu ba, wasu cikin maye ko kuka ko tsumma, a zamanin da hoton zai ƙare a kwali. Yau hoto yakan zaga Facebook da WhatsApp cikin mintoci, kuma a al'adarmu ɗaukar matar aure ko yaro ko mabaraci ba izini ba ƙaramin abu ba ne. Sallama da neman izini da nuna wa mutum hotonsa sun fi sauƙi a kan rigima, kuma wuraren jami'an tsaro ba wurin gwada kyamara ba ne.

Na ƙarshe shi ne batun gado. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta amince da hoto a matsayin aikin da mai shi ke da haƙƙi a kai, kuma haƙƙin yana wucewa ga magada. Wanda ya tara hotunan garinsa na shekaru ya tara dukiya, ko da bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Ya kamata wani daga cikin iyalinsa ya san inda suke, ya kuma san ko mai su yana so a nuna su ko a bar su.

Haƙƙin hotunan Vivian Maier zai ci gaba da aiki har ƙarshen 2079. Har zuwa lokacin, hukumar gunduma da lauyoyi da masu tara kaya ne za su riƙa yanke hukunci kan abin da za a buga da wanda zai ci riba, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya taɓa zama da ita.